Ɓerayen Auta

Ni ce 'yar fari a wurin Iya, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Haka al'adar gidanmu take, kuma ba mu kaɗai ba: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta zama da shi su yi hira ido cikin ido. Idan tana nemana sai ta ce "ke". Idan tana maganata da wani sai ta ce "waccan". Da na fara sana'ar turaren wuta sai na sami ƙarin girma, na koma "mai turare".

Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa unguwar Fezzan. Ban dawo gidanmu na Gwange ba sai bayan rasuwarta, lokacin har na iya ɗora tukunya. Na tarar da ƙanena yana rarrafe. Waɗanda aka haifa tsakanina da shi ba su rayu ba, bayansa kuma ba a sake samu ba, sai ya zama Auta. Shi Iya tana kiransa da sunan yanka, da sunan wasa, wani lokacin har da kirari. Yana ɗora kai a cinyarta har ya shiga sakandare.

Yaro ne mai kai, wannan ba na musunsa. Ni karatuna ya tsaya a tsakiyar sakandare, shi ya wuce jami'a, daga nan ya sami gurbin ƙaro ilimi a ƙasar waje. Ya tafi ne daidai lokacin da gari ya fara lalacewa, aka hana babura, aka kafa shingaye a kowace kwana. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Iya ta ce gara da ya tafi, ko ba komai ɗaya daga cikinmu zai yi barci.

Kowace Juma'a bayan la'asar yakan kira. Iya takan sa a buɗe muryar wayar, ta ajiye ta a kan tabarma, mu ji tare. A irin wannan kira ne ta tambaye shi ainihin aikin da yake yi.

"Hoton zuciya muke ɗauka, Iya."

"Masha Allah. Ta mutanen can?"

Ya ce, "Ta ɓeraye."

"Ta wa?"

"Ɓeraye, Iya. Farare, ƙanana."

"Duk jirgin nan da ka hau, ɓera ka je nema? Da ka faɗa, ai da waccan ta kama maka cikin buhun gero."

Suka yi ta dariya, ni ma na yi. Sannan ya yi mana bayani a hankali, kamar yadda yake yi tun yana yaro idan ya dawo da sabon abu daga makaranta. Ya ce kafin a ba mutum sabon maganin ciwon zuciya, sai an gwada a kan ɓera an ga ko zuciyar tana gyaruwa. Don a gani, sai a riƙa ɗaukar hoton ɓera guda, yau, da mako mai zuwa, da wata mai zuwa. To hasken eksire, irin wanda ake hoton ƙirji da shi, idan ya taru a jiki yana cutarwa, ɓera kuwa bai fi babban yatsa biyu ba. Aikinsa shi ne ya rage hasken iya raguwa, amma hoton ya fito sarai.

Daga baya wani abokinsa da ya zo gida ya kawo wa Iya sabuwar waya daga wurinsa. A ciki akwai ɗan gajeren bidiyo, baƙi da fari. Wani abu ne kamar ƙwayar wake, yana matsewa yana buɗewa. Auta ya ce sai da suka rage masa gudu, don zuciyar ɓera tana bugawa da saurin da ido ba ya iya bi. Iya ba ta iya karatun boko ba, amma a yini ɗaya ta gane inda ake dannawa. Duk wadda ta shigo gidan, ko gishiri ta zo nema, sai ta kalli zuciyar ɓera kafin ta fita.

A wannan shekarar ne ƙafafun Iya suka fara kumbura. Numfashi ya riƙa yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai an jera mata filo a baya. Likita ya ce zuciya ce. Maigidana ya yarda na koma gidanmu na zauna da ita, tunda layi biyu ne tsakani, kuma mun daɗe da aure Allah bai ba mu haihuwa ba, babu yaran da zan bari. Ni ke dafa mata abinci marar gishiri, ta ci tana ɓata fuska. Ni ke kama ta zuwa bayan gida. Inna, ƙanwar Iya, takan zo daga Fezzan idan hanya ta yi kyau, amma ita ma ƙarfinta ya ja baya.

Wata Juma'a ina zaune ina matsa wa Iya ƙafa da man zafi, Auta yana ba da labarin yadda suke shirya ɓera. Ya ce ana shaƙa masa wata iska ya yi barci, don kada ya ji tsoro ko ya motsa. Ana kwantar da shi a kan ɗan gado mai ɗumi, saboda jikinsa yana saurin sanyi. Ana manna masa 'yan wayoyi a tafin ƙafa, su ke gaya wa na'ura daidai lokacin da zuciyar ta buga. Har wani mai ake shafa masa a ido, don kada idon ya bushe yana barci.

"A ido?" in ji Iya. Ta janye ƙafarta daga hannuna, ta gyara zama, ta matso da wayar. "Kai da kanka kake shafawa?"

"Ni da kaina, Iya."

"Allah ya yi maka albarka. Tun kana ƙarami kake da tausayi."

Na dubi hannuwana, man yana ƙyalli a kansu. Na tashi na wanke su, na shiga madafa. Daga ranar, duk lokacin da wayar ta yi ƙara ranar Juma'a, sai in gaisa da shi a gurguje in samo wani aiki a waje. Ba wanda ya lura, ko kuma ba wanda ya ce komai.

Ina jin kunyar rubuta cewa mace mai shekaruna ta yi kishin ɓera, amma abin da ya faru ke nan. Nakan kwanta in riƙa lissafa abin da suke da shi. Wutarsu ba ta ɗaukewa. Ba a sauke su daga keke napep a shinge a ce su ɗaga hannu. Akwai mutumin da ya yi karatu mai zurfi, wanda tunaninsa kullum shi ne kada haske ya yi musu yawa. Kuma Iya tana tambayar lafiyarsu.

Ɓerayen gidanmu ma sun ci albarkacinsu. Wata safiya na ɗana tarko a bayan buhun kajijin da nake haɗa turare da shi, don sun huda shi. Iya ta hango ni daga ƙofar ɗaki.

"Ke, bar bayin Allah. Abokan aikin Auta ne."

"Na Gwange ba su yi makaranta ba, Iya."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Na yi murna da dariyar fiye da yadda ta cancanta. Na kwashe tarkon.

Ana cikin haka na gane ina da ciki. Ban gaya wa kowa ba sai maigidana. An taɓa samu a baya ya zube, ban so a sake yi mini jaje. Iya kuwa, ko da ina so, babu hanyar da zan bi in gaya mata. Wannan magana ba ta shiga tsakanin uwa da 'yar fari. Sai dai ƙamshin sana'ata ya zame mini azaba. Ina soya farcen haɗa turare a kasko wata rana, zuciyata ta tashi, na ruga bayan gida, kafin in dawo ya ƙone. Da yamma Iya ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Turaren nan ya isa haka. Hayaƙinsa yana damun ƙirjina."

Shekara da shekaru ina haɗa turare a tsakar gidan nan, ita ce ma ta fi kowa sa kasko a ɗakinta. Na kwashe kayana na ɗaure. Na ce a raina, nasa aikin ana nuna wa baƙi, nawa yana damun ƙirji.

Juma'ar da ta biyo baya sun daɗe a waya fiye da kullum. Ina bakin rijiya ina wanki, ina jiyo muryarta ƙasa-ƙasa, sannan tasa, sannan tata. Na ƙara ƙarfin dirzar zanen don kada in ji. Wannan ne kiransu na ƙarshe. Kwanaki kaɗan bayansa aka ɗauke sabis ɗin waya a duk faɗin gari, saboda yaƙin da ake yi. Muka wayi gari wayoyi sun zama fitila da agogo.

Tata wayar ba ta huta ba. Tunda ba ta jin muryarsa, sai ta koma ga bidiyon. Wuta ba ta zuwa, don haka ni ke ɗaukar wayar zuwa unguwar Gamboru, wurin wata 'yar kudu mai shagon atamfa da muke mutunci, wadda take da janareta. Tana ganina sai ta miƙo hannu ta ce, "Kawo talabijin ɗin Mama." In bi shingaye in je, in bi shingaye in dawo, da zuciyar ɓera a ƙullin zanena.

Jikin Iya ya ƙara tsanani. Likita ya ce sai an yi hoton ƙirji kafin ya canza magani. Muka ɗauki keke, ni da ita da Inna, zuwa wani ƙaramin wurin ɗaukar hoto. A shinge aka ce kowa ya sauka ya taka. Na roƙi sojan ya dubi ƙafafunta. Ya duba, ya kau da kai, ya ce ba shi ya kafa dokar ba. Ta taka, hannu ɗaya a kafaɗata, ɗaya a ta Inna, tana tsayawa tana neman iska. Nauyinta a kafaɗata bai dame ni ba. Rabon da ta jingina da ni a gaban mutane, ban san shi ba.

A wurin hoton muka tarar babu wuta, sai an tara mutane kafin a tayar da janareta. Muka zauna a benci har rana ta take. Da aka kira mu, mai ɗaukar hoton ya tsayar da Iya a gaban wani allo mai sanyi, ya ce ta manna ƙirji. Ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta.

"Sai ɗaya ta riƙe ta," in ji shi. Ya dube ni. "Hajiya, zo ki tsaya nan, ki tallafe ta ta ƙugu."

Na ɗaure mayafina na matso.

"Ba ita ba," in ji Iya.

Na tsaya.

"Mama, ita ce mai ƙarfi," in ji mutumin. "Wannan baiwar Allah ita ma riƙo take nema."

"Na ce ba ita ba. Ta fita." Numfashinta yana yankewa, amma muryar ba ta yi rawa ba. "Ke, fita. Ba bakin ƙofa ba. Har waje."

Inna ta taɓa hannuna ta ce, "Je ki, 'yar nan."

Na fita. Na wuce masu jira a benci, na wuce janareta, na tsaya a ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin titi. Ban yi kuka ba, akwai mutane. Abin da na riƙa faɗa wa kaina shi ne, da Auta ne da ba ta kore shi ba. Na yarda ba za ta kira sunana ba, na yarda ba za ta yabe ni ba, da haka na tashi. Amma riƙon, shi kaɗai ne nawa. Shi ma ta karɓe a gaban baƙo, ta ba tsohuwar da hannunta ke rawa.

Washegari likita ya ɗaga hoton a jikin taga. Ya nuna mana wata farar inuwa mai faɗi a tsakiya, ya ce zuciyar ta buɗe fiye da kima, kuma ruwa ya taru a huhu. Na ƙura wa hoton ido. Ban taɓa ganin cikin Iya ba, kuma na san ba zan sake samun damar kallonta haka, ba tare da ta kau da kai ba. Ita ko sau ɗaya ta kalla.

"Nawa ba ya motsi," ta ce. "Na Auta ya fi kyau."

Likita ya yi murmushi don bai gane ba. A hanyar gida ta karɓi wayar.

Ba ta daɗe ba bayan wannan. A kwanakin ƙarshe na riƙa jira. Na sha jin labarin iyayen da suka kira sunan ɗan fari a gadon mutuwa, sau ɗaya, kunya ta faɗi tunda tafiya ta zo. Ban san ko gaskiya ba ne. Nakan zauna kusa da kanta ina yi mata fifita, duk motsin leɓenta sai in sunkuya. Ranar da za ta rasu, da hantsi, ta buɗe ido ta neme ni. Na sunkuya.

"Ke," ta ce. "Wayar nan da caji?"

Na ce akwai. Na danna mata, na riƙe a gaban fuskarta. Ta kalla na ɗan lokaci, ta lumshe ido. Inna ce ta yi ta laƙƙana mata kalmar shahada. Kafin azahar an kai ta.

Auta bai sani ba sai da maigidana ya bi mota ya yi nisa a hanyar Kano, har inda sabis ya kama, ya kira shi daga bakin titi. Bai samu zuwa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Hanyar a lokacin ba ta shiguwa sai da ƙaddara.

Da aka dawo da sabis, kiransa ne ya fara shigowa wayar Iya. Na ɗauka a ɗakinta. Ya yi kuka, na ba shi haƙuri, kamar yadda babba ke yi. Da ya natsu sai ya shiga tuno hirarrakinsu, ni kuma ina saurare, don ba ni da nawa da zan saka.

"Yaya, kin san abin da ta tambaye ni a kiranmu na ƙarshe? Wai idan ɓerar tana da ciki, muna saka ta a na'urar?"

Na ce, "Me ka ce mata?"

"Na ce a'a, masu ciki ba ma kusantar da su. Hasken ko kaɗan ne, ba a so ya taɓa abin da ke cikin. Sai ta ce, to wanda ba shi ake ɗauka ba fa, yana dai tsaye a gefe? Na ce shi ma yana ɗan samu, shi ya sa mu kanmu muke matsawa bayan kariya. Ta ce in sake faɗa. Na sake. Ta ce ko bakin ƙofa?" Ya yi 'yar dariya cikin hawaye. "Iya da son ɓerayena. Har ta fi malamina tambaya."

Na zauna a bakin gadonta. Bai san ina da ciki ba, mace ba ta gaya wa ƙanenta irin wannan. Na ce, "Allah ya ji ƙanta." Ya ce amin. Na ce cajin ya kusa ƙarewa.

Da Inna ta zo, na jira har ta idar da sallar la'asar, sannan na tambaye ta ko Iya ta sani.

"Sai yau?" in ji Inna, tana naɗe sallaya. "Tun ranar da kika bar farce ya ƙone."

"Ita ta gaya miki?"

"Cewa ta yi in daina ba waccan tulu ta ɗauka. Ni yarinya ce?"

"Me ya hana ta faɗa mini?"

Inna ta dube ni kamar na tambayi abin da ya sa ake alwala. "Da wane bakin?"

Da ban riƙa tashi ba idan ya kira, da na ji tambayar da kunnena, da na san ɓerar da ake nufi. Da na tsaya a ƙarƙashin darbejiyar nan da wata zuciya daban, kuma da sauran kwanakin da suka rage mana ban yi su ina jiran abin da ba zai zo ba. Wannan yana ci mini rai wasu ranakun.

Amma ba zan ce kishin ya tafi ba. Shi ya sami muryarta, da dariyarta, da albarkar da take sa masa a fili kowace Juma'a. Yana da abin tunawa da zai iya maimaitawa kalma bayan kalma. Ni abin da na samu sai da ya bi ta ƙasar waje, ta bakin ƙanena, a kan ɓera, kuma ya iso bayan an rufe ta. Na karɓa, na gode Allah. Har yanzu idan ya ce "Iya ta taɓa ce mini", sai in canza magana.

Mace na haifa. Aka sa mata sunan Iya. Auta yana kiranta Iya ƙarama, da ta yi wayo suna daɗewa a waya, ya aiko mata da sababbin hotuna masu launi, waɗanda zuciyar take juyawa a ga kowane gefe. Ita ta fi son tsohon, baƙi da fari, na wayar kakarta.

Tun tana ciki na yi wa kaina alkawari ni zan kira ta da sunanta, ko me za a ce. Na gwada, ni kaɗai a ɗaki, tana barci a hannuna. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata ne. Harshena ya ƙi.

Ranar da na kai ta makarantar allo ta layinmu, matar malam ta tarbe mu a zaure, ta tsuguna ta kama hannunta, ta ɗago kai ta tambaye ni sunanta. Na gyara wa yarinyar ɗankwali, na ɗan tura ta gaba.

"Ke," na ce, "gaya mata."